Masara Ɗaya, Wake Ɗaya

Ni ba na son mai tambaya. Tun ina amarya na tsani wannan sana'a. A lokacin muna tsohon ƙauyenmu, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga, wasu mutane suka zo suna bin gida gida: ku nawa ne, rumbu nawa, ɗorawar can ta wane ce. Muka ba su ruwa, muka ba su amsa. Ba a jima ba aka ce mu kwashe kayanmu. Tun daga nan, duk wanda ya zauna a gabana ya ce "tambaya ce kawai," sai in fara duba inda takalmina yake.

Nan ƙasar Bebeji aka sauke mu, a nan na tsufa. Hatsi nake saye ina sayarwa, daga kasuwar Tudun Wada zuwa ta Kafin Maiyaki. Ban yi boko ba. Abin da na sani shi ne buhu, kuma buhu bai taɓa gaya mini gaskiya daga bakinsa ba, sai na tura hannu har gwiwar hannu.

Da Allah ya nufe ni da zuwa Makka, na shirya kamar yadda mutum mai hankali yake shiri. Na ɗauki yaji, na ɗauki kwalbar man shanu da wata Bafulatana daga wajen Falgore ta kawo mini, don an ce abincin can ba ya da ɗanɗano. A filin jirgi aka sa mu layi, aka ce kowa ya bi ta wata ƙofa da ba ta da ɗaki, a tsaye take ita kaɗai a tsakiyar fili. Ina shiga ta yi ƙara. Wata ma'aikaciya mai safar hannu, wadda ba ta kai autata ba, ta ja ni gefe ta ce in ɗaga hannuwa. Ta shafa ni tun daga wuya har ƙafa, ta kwance ƙullin zanina, ta ciro mukullin shagona ta ɗaga shi sama kamar ta kama ɓarawo. Man shanun kuwa da yake cikin jakar hannuna, aka ce ba zai hau ba. Ina kallo aka ajiye shi a bayan teburi.

Al'adarmu a nan, wadda ta dawo daga aikin hajji ba ta kawo ƙarar hanya. Ko rana ta gasa ta, ko ƙafa ta kumbura, in aka tambaye ta sai ta ce alhamdulillahi, babu komai, don kada ta zubar da ladanta. Ni ban iya wannan ba. Duk wadda ta zo yi mini barka da dawowa, kafin in ba ta dabino sai ta ji labarin mai safar hannu. Aminiyata da ke aure a Dangora, wadda muka yi tafiyar tare, ta yi ta ja mini kunne.

"Ke Hajiya, ladan naki kike rabawa haɗe da tsaraba?"

Na ce mata ladana yana wurin Ubangiji, man shanuna ne ban san inda yake ba.

Shekaru suka ɗan ja. Sai ga jikata, 'yar babban ɗana, ta zo hutu bayan girbi. Ita ce ke jami'a tana karatun lissafi, tana shekarar ƙarshe. A hannuna ta tashi har ta shiga makaranta, saboda haka na san fuskarta in tana son abu. Ta yi mini shara ba a sa ta ba, ta wanke mini buta, sannan ta zauna a bakin tabarma.

"Kaka, aiki aka ba ni, kuma ba zai yiwu ba sai da ke."

Na ce ina ji.

Ta ce ana yawan faɗa cewa galibin matafiya sun yarda da binciken da ake yi a filin jirgi. Malaminsu ya ce kada su ɗauki maganar haka nan, kowa ya je yankinsu ya gwada. Ita ta zaɓi matan ƙasarmu da suka taɓa hawa jirgi, daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa. Za ta tambaye su, sun yarda da binciken ko ba su yarda ba. In ba ta koma da aikin ba kafin hutu ya ƙare, za ta maimaita shekara, abokan karatunta su fita su bar ta. Matan kuwa ba za su buɗe baki ga yarinya mai jaka ba, sai in ni na yi mata sallama.

"Wa zai ga amsar?"

"Malaminmu."

"Shi kuma wa zai kai wa?"

"Babu kowa, Kaka."

"Haka na Tiga suka ce."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na kafa mata sharaɗi: ba sunan kowa, ba hoto, wayarta ta zauna a jaka. Akwai matan da ke sa ran komawa Umara, ba zan zama sanadin a tare wata a ƙofar jirgi saboda abin da ta faɗa a ɗakinta ba. Ta yarda da duka. Na gyara zama na ce to, ta fara da ni.

Sai ta sunkuyar da kai. Ta ce wai ba kowa ake tambaya ba. Ta tattaro matan da suka yi tafiya ta bakin malaman islamiyya, ta yi ƙuri'a, ta sa maƙwabciyarmu ta rufe ido ta ɗebo. Ni ban fito ba. Aminiyata ta Dangora ta fito.

Na dube ta da kyau. Duk ƙasar nan babu wadda ta fi ni magana a kan binciken nan, kuma ni ce ƙuri'a ta tsallake. Ta ce ai shi ya sa ake yin ƙuri'a, don kada mai tambaya ya zaɓi waɗanda ya san bakinsu. Ta ce kamar yadda nake ƙin duba saman buhu kaɗai. Maganar ta shiga kunnena, amma na ajiye ta gefe. A raina na ce yarinyar nan an riga an gaya mata amsar da za ta kawo, ta cire ni ne don kada in ɓata mata lissafi. Na yarda zan raka ta, amma don in sa mata ido.

Muka fara da gidajen nan kusa. Ni nake yin sallama, a shimfiɗa mana tabarma, a gaisa, a tambayi gajiya da iyali da amfanin gona. Sannan ita ta yi tambayarta. Mace ta farko ta dube ni, ta dubi jikata, ta ce gaskiya binciken nan babu daɗi. Ta biyu ta ce cin mutunci ne. Ta uku ma, wadda na san ba ta taɓa cewa uffan a kan tafiyarta ba, ta ce ai ko man shanu ba sa bari. Haka muka bi har cikin Kiru, duk bakinsu ɗaya. Ni raina fari. Ita kuwa fuskarta kullum ƙara tsukewa take yi, ina lura.

A mota muna komawa ta ce, "Kaka, gobe ki tsaya a zaure."

"Don me?"

"Ba ni suke ba amsa ba. Fuskarki suke karantawa. Matar ɗazu man shanunki ta ambata, ita ba ta tafi da man shanu ba."

"Ko dai amsar ce ba ta yi miki ba?"

Na ce a raina, ga shi nan ya fara fitowa.

Washegari na yi yadda ta ce. In yi sallama, in gabatar da ita, in koma zaure in zauna da carbina. Amma kunnena bai tsufa ba. A Dangora, gidan aminiyata, katangar zauren gajeriya ce, na ji komai.

"Hajiya, binciken da aka yi muku a filin jirgi, kin yarda da shi?"

"Alhamdulillahi, 'yata, babu komai."

"Wato kin yarda?"

"Ai duk abin da ya sami bawa a hanyar ɗakin Allah alheri ne. Rubuta alhamdulillahi."

Gida na gaba haka, na gaba da shi haka. Ranar ba a sami mace ɗaya da ta ce a'a ba. Da muka tsaya a Kafin Maiyaki muna jiran mota a gindin wata darbejiya, na kasa haƙuri.

"To 'yar boko, hankalinki ya kwanta? Kin kore ni kin sami abin da aka aiko ki nema."

Ta zauna a kan wani dutse, ta rungume jakarta. Na zaci murna zan gani. Idonta ne ya kawo ruwa.

"Kaka, wannan ma ba amsa ba ce. In kina nan, tsoronki suke ji. In ba kya nan, tsoron zubar da lada suke ji. Duk kwanakin nan ban samo komai ba, kuma hutu ya kusa ƙarewa."

Ba na yarda da hawaye da wuri, na ga masu kawo gero mai tsakuwa suna yin sa. Amma gaskiya ce ta faɗa game da matan, na san su fiye da ita. Bakinsu ba zai faɗa ba, ko a gaban wa.

Kusa da mu wata mata tana auna wake, kusa da ita wata tana auna masara. Jikata ta daɗe tana kallonsu. Can ta ce, in baki ba zai faɗa ba, ko hannu zai iya? A ba kowace mace ƙwayar masara ɗaya da ƙwayar wake ɗaya. Ta shiga ɗaki ita kaɗai da gwangwani rufaffe mai ƙaramar huda. In ta yarda da binciken ta jefa masara, in ba ta yarda ba ta jefa wake. Ba ta yi ƙorafi da baki ba, ba wanda ya gan ta.

Na juya maganar ta kowane gefe ina neman inda aka ɓoye ƙugiya. Na ce gwangwanin a hannuna zai riƙa kwana. Ta ce ta yarda. Na ce ni zan liƙe murfin. Ta ce ta yarda. Na ce to, wane gida ne a ƙasar nan babu masara da wake a ɗaki? Me zai hana wata ta zuba guda biyar?

"Haba Kaka, Hajiyoyi ne fa."

"Da Hajiyoyin nake ciniki."

Dole muka koma farko, duk gidan da muka shiga muka sake shigarsa. Na sami gwangwanin madara babba, na sa maƙeri ya huda murfin daidai wucewar ƙwaya ɗaya, na naɗe bakin da tsumma na ɗaure. Hatsin daga shagona na ɗebo, jar masara da farin wake mai baƙin ido. Kafin mace ta karɓi nata, sai in ce ta buɗe hannuwa. In duba tsakanin yatsu. In taɓa ƙullin zani, in ce ta karkaɗe mayafi. In leƙa ɗakin da za ta shiga, in akwai kwanon hatsi a fitar da shi. Sannan ta shiga, ni kuma in kafa kunne a bakin labule. Ƙara ɗaya nake so in ji. Ƙwayar da ta rage tata ce, ta jefa a tukunya ko ta ba kaji, ba ruwanmu.

Wasu sun yi dariya, wasu sun ɓata rai. Wata a Tudun Wada ta ce ko a gidan biki ba a taɓa yi mata haka ba. Na ce ta yi haƙuri, ba don na raina ta ba ne, kowa haka nake yi masa. Muka ratsa dajin Falgore muka je Doguwa, ƙafata ta kumbura saboda zaman mota, gwangwanin yana kan cinyata ban ba kowa riƙo ba, har jikar tawa.

Dangora muka bari a ƙarshe. Aminiyata ta tarye mu da fura. Da aka zo kan aiki na ce ta miƙo hannu. Ta miƙo. Na duba yatsunta. Na kai hannu ƙugunta na taɓa ƙullin zani, na ji abu mai tauri, na kwance. Mukullin akwatinta ne. Ta tsaya da hannuwa a sama tana kallona, ba ta sauke ba.

"'Yata," ta ce da jikata, "a makarantarku ba a sayar da safar hannu? Ki samo wa kakarki."

Jikata ta juya baya, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Wannan daban," na ce.

"Ina bambancin?"

"Ni na san ki."

"To ai abin ya fi muni, Hajiya. Waccan yarinyar ba ta san ki ba, ta bincike ki. Ke kin san ni tun muna ɗaukar ruwa a tsohon gari, kin kwance mini zani. Akwai man shanu a ɗaki, ko shi ma in fito da shi?"

"Karɓi ƙwayarki ki shiga."

Ta shiga tana dariya. Na kafa kunne. Ƙara ɗaya.

Da hantsi muka buɗe gwangwanin a tsakar gidana. Ni na kwance tsumman da hannuna, na juye a faifai. Jikata ta ware masara gefe, wake gefe, ta ƙirga, na ƙirga bayanta. Jimillar ta yi daidai da yawan matan da muka shiga wurinsu, ba ƙari ba ragi. Tulin masara ya ɗan fi na wake. Ba da yawa ba, amma ido yana gani.

Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Matan da suka zauna a gabana suna cewa cin mutunci ne, ga masararsu a faifaina. Na ture faifan gabanta.

"To ga shi. Rubuta wa malaminki galibi sun yarda. Dama abin da ake so ke nan."

Ta ciro 'yar na'urar lissafinta ta yi ta dannawa, ta yi rubutu, ta sake dannawa. Ina kallon fuskarta, ina jiran murmushin wanda ya ci kasuwa. Ta ɗago ta ce ba za ta iya rubuta haka ba.

"Ba ga masara ta fi ba?"

Ta tashi ta ɗebo masara mudu ɗaya, wake mudu ɗaya daga shago, ta zuba a ƙwarya ta gauraya sosai. Ta ce in rufe ido in ɗebo da hannu ɗaya. Na ɗebo, muka ware, wake ya fi. Ta ce in mayar in sake. Na sake, masara ta fi.

"Kin gani, Kaka? A ƙwaryar nan rabi da rabi ne, ke kika ga na auna. Amma hannunki bai taɓa fito da rabi da rabi daidai ba. Matan da muka tambaya cikin hannu ɗaya ne daga matan ƙasar nan. Ƙa'idar aikin, sai in fara da ɗauka cewa mutane rabi da rabi suke, kuma ba zan saki wannan ba sai rinjayen ya yi yawan da sa'ar hannu kaɗai ba za ta kawo shi ba. Wannan bai kai ba."

"Wato ni ce da gaskiya."

"A'a. Ban ce wake ya ci ba. Cewa na yi ba ni da hujjar da zan ce masara ta ci."

"Duk wahalar nan, har Doguwa, a tashi babu wanda ya ci? Malaminki zai karɓi wannan?"

"Ban sani ba, Kaka. Amma shi ne abin da ya fito."

Na daɗe ina kallonta. Na ba ta hanya a buɗe, ga masara a faifai, ga ni shaida, ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Shekararta guda za ta iya salwanta, amma ta ƙi bin hanyar. Tun ranar da ta ce ƙuri'a ta tsallake ni nake jiran inda za ta karkata mudu, ban gani ba. Ban gaya mata haka ba, ba a gaya wa yaro irin wannan. Na ce ta tashi ta ci abinci, tuwo yana hucewa. Da za ta koma makaranta na ƙulla mata yaji da kwalbar man shanu, na ce tunda mota za ta hau, babu mai karɓewa.

Bayan wasu makonni ubanta ya shigo gaishe ni, ya ce an karɓi aikin, za ta fita tare da abokan karatunta. Wai malamin har gwangwanin ya nemi gani. Na ce a gaya masa gwangwani yana wurina, kuma a nan zai zauna. In yana son ganinsa ya zo, in ga ko shi wane ne.

Game da mai safar hannu, ra'ayina yana nan, ko da yake na rage ba da labarin. Abin da ya rage mini yanzu shi ne matan nan. In mun haɗu a suna ko ta'aziyya, nakan bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina tunanin wace ce ta jefa masara. Kowace sai ta gaishe ni da ladabi, fuska a sake.

Kwanan baya aminiyata ta zo daga Dangora ta wuni. Bayan la'asar, muna tsince wake a faifai, na ce mata ai aikin ya wuce, yarinya ta gama, yanzu ta gaya mini tsakani da Allah me ta saka.

Ta karkaɗe hannuwanta, ta buɗe mini su a gabana, ta ware yatsu.

"Alhamdulillahi, Hajiya, babu komai," ta ce. "Ki bincika."